Ɗan Ƙwallon Da Ya Bar Kulob Ɗinsa Neman Kofi: Butulci Ne Ko Neman Na Kai?

Duk wanda ya je gida Kwoi hutun Kirsimeti ko lokacin bikin Tuk Ham, ya kuma leƙa ɗaya daga cikin gidajen kallon ƙwallo ranar Asabar da maraice, ya san cewa wasan da ake nunawa a akwatin talabijin minti casa'in ne kawai, amma gardamar da ke biyo bayansa ba ta ƙarewa sai mai gidan ya kashe janareto, kuma ko ya kashe, a kan hanya ake ƙarasa ta. Haka abin yake a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, haka kuma yake a nan inda muke zaune, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal. Cikin gardandamin nan akwai guda ɗaya wadda ba ta tsufa, sunayen 'yan wasa kaɗai ke sakewa. Ita ce, idan ɗan wasa ya yi fice a kulob ɗin da bai damu da cin kofi ba, ya kamata ya zauna domin riƙon amana, ko kuwa ya ɗaure takalmansa ya nufi inda ake ci?

Jama'a, kada mu ɗauki wannan zance na yara ne. Mu da ke karanta wannan shafi a biranen kudu, kusan dukkanmu mun taɓa amsa irin wannan tambaya da ƙafafunmu, ranar da muka hau mota, ko iyayenmu suka hau jirgin ƙasa a tashar Kafanchan, aka bar gonar gado aka taho neman abin da gida bai iya bayarwa ba. Saboda haka mudun da muke so a auna mana da shi, da shi ya kamata mu auna wa ɗan ƙwallo. Ra'ayina a kan wannan magana a fili yake: ya tafi. Amma tafiya iri-iri ce, kuma ba kowace ke kai mutum inda ya nufa ba. Bari mu ɗauki labarin wani ɗan jiharmu, domin a cikinsa kowane ɓangare na masu gardamar zai ga abin da zai kafa hujja da shi.

KWANA BIYAR A WATAN MAYU

Victor Moses a Kaduna ya tashi. Ya rasa iyayensa biyu a tarzomar shekarar 2002 yana ɗan shekara 11, aka kai shi Ingila neman mafaka, ya shiga makarantar koyon ƙwallo ta Crystal Palace a birnin Landan. A watan Janairu na 2010 bashi ya ci Crystal Palace har aka karɓe ragamarta daga hannun masu ita aka damƙa wa masu sasanta bashi, su kuwa suka sayar da yaron ga Wigan a kan fam miliyan biyu da rabi. Mu lura da wannan tun yanzu, tafiyarsa ta farko ba shi ya nema ba, kulob ne ya sayar da shi domin ya biya bashi.

Wigan ƙaramin kulob ne na ƙaramin gari, kuma a wancan lokaci duk shekara babban burinsa shi ne kada ya faɗo daga gasar Firimiya. A ƙarshen kakar wasa ta 2011 zuwa 2012, bayan kowa ya fid da rai, sai suka tashi haiƙan suka doke Liverpool da Arsenal a gidajensu, suka doke Manchester United, suka zuba wa Newcastle ƙwallo huɗu, biyu daga ciki Moses ne ya ci. Suka tsira. A watan Agusta na 2012 Chelsea, wadda ta ɗauki Kofin Zakarun Turai watanni uku kafin nan, ta zo ta saye shi a kan kimanin fam miliyan tara.

To, ga abin da ya faru cikin kwana biyar a watan Mayu na 2013. Ranar 11 ga wata, Wigan ɗin nan da ya bari ta doke Manchester City da ci ɗaya ba ko ɗaya a filin Wembley, ta ɗauki Kofin Ƙalubale na Ingila, babban kofinta na farko tun da aka kafa ta a 1932. Ranar 14 ga wata Arsenal ta ci ta huɗu da ɗaya, ta faɗa rukuni na biyu. Ranar 15 ga wata Chelsea ta doke Benfica biyu da ɗaya a birnin Amsterdam ta ɗauki kofin Europa. Moses ya ci ƙwallo a wasanni biyun da aka yi da Rubin Kazan, ya kuma ci a wasanni biyun kusa da na ƙarshe da aka yi da Basel, watau da guminsa aka kai wasan ƙarshe, amma a daren ɗaukar kofin yana zaune a benci, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba.

Masu cewa a zauna suna kafa hujja da ranar 11. Su ce ai ga shi nan, da ya yi haƙuri da ya ɗaga kofi a Wembley yana gwarzon garin, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Masu cewa a tafi suna kafa hujja da ranar 14. Su ce kofin nan tsintuwa ce, kuma kwana uku bayansa da ya wayi gari a rukuni na biyu. Daɗin daɗawa, Wigan ba ta sake komawa gasar Firimiya ba tun daga ranar, a 2015 ma ta gangara rukuni na uku, a 2020 kuma ita ma bashi ya kai ta hannun masu sasantawa.

Amma labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauransa ne ya fi amfani a gare mu. Da José Mourinho ya komo Chelsea a 2013, bai ga wurin sa Moses ba. Aka ba da shi aro ga Liverpool shekara guda, aka ba da shi ga Stoke shekara guda, aka ba da shi ga West Ham shekara guda. Shekara uku cur, daga yana da 22 har ya kai 25, watau lokacin da ɗan wasa ke ganiyar tashensa, yana yawo gidan wannan zuwa gidan wancan kamar agola. Chelsea ta ɗauki gasar Firimiya a 2015 ba ya nan. Sai da Antonio Conte ya zo a 2016, ya sake tsarin wasan, ya mai da shi ɗan gefen dama mai kai hari ya kuma komo tsaro, sa'an nan tauraronsa ya haska. Suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki gasar a 2017, kuma a 2018 ya ɗauki Kofin Ƙalubale ɗin nan da ya wuce shi, wannan karo yana cikin fili.

Idan aka tara aka ɗebe, Moses ya ci riba da tafiyarsa. Amma ya biya kuɗinta da shekara uku na ƙuruciyarsa, kuma da Conte bai zo ba, da yanzu da shi ake ba yara misalin kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma duk wanda ya faɗi rabinta ya ɓoye rabi bai yi wa masu sauraronsa adalci ba.

MAI SAYAR DA IRI

Kafin mu yanke hukunci, tilas ne mu bambance abu biyu da ake yawan gauraya su, watau kulob mai ƙaramin ƙarfi da kulob maras buri. Mutumin ƙasar Ham ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya san citta. Manomin citta mai ƙaramin ƙarfi yakan noma abin da ya iya, in kaka ta yi ya sayar da wani kaso, amma ko yunwa za ta kashe shi sai ya ware iri ya adana, domin ya san a noman citta irin shi ne jari, kuma wanda ya rasa shi ya rasa baɗi. Akwai kuma wani manomin, shi da ya ga farashi ya hau sai ya kwashe har irin ya kai kasuwa, ya kashe kuɗin a hidimar da ba ta shafi gona ba, in damina ta faɗi a gan shi yana zagaya maƙwabta. Na farko talaka ne, na biyu kuwa maras buri ne ko da ya fi na farkon kuɗi.

Haka kulob yake. Ba girman filinsa ko yawan kuɗinsa za a duba ba. A duba, in ya sayar da gwaninsa ina kuɗin ke zuwa? Yana riƙe mai koyar da 'yan wasa har ya gina abu, ko kuwa duk wasa uku sai a kori wani? Yana biyan albashi a kan kari? In ɗan wasa ya karye, wa ke biyan kuɗin asibiti? Yana da makarantar yara, ko kuwa sai an kusa fara gasa ake tattaro 'yan wasa a tasha? Wigan, kafin Moses, ta sayar da Leighton Baines ga Everton a 2007, ta sayar da Antonio Valencia ga Manchester United da Wilson Palacios ga Tottenham a 2009, ta sayar da Charles N'Zogbia ga Aston Villa a 2011. Ba zagi ba ne, da haka take rayuwa. Amma ɗan wasan da ya ga wannan jeri ya san cewa ko bai nemi tafiya ba, ranar da farashinsa ya kai za a kai shi kasuwa. To, da wane baki za a ce masa ya ci amana?

Mu komo gida, domin a nan abin ya fi ciwo. Waɗanda suka manyanta cikinmu sun tuna lokacin da Ranchers Bees ta Kaduna ke cika filin wasa na Ahmadu Bello. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofin ƙalubale, inda Bizerte ta Tunisiya ta yi galaba a kanta da ƙyar, a 1989 kuma ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma. Daga cikinta Daniel Amokachi ya fito ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990, daga can ya wuce Everton, inda ya ci Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe, suka kuma ɗauki Kofin Ƙalubale na Ingila a 1995. Ita kuwa Ranchers Bees ta gangara ƙaramin rukuni ta daɗe a can. Kaduna United ta doke Enyimba ta Aba da bugun daga kai sai mai tsaron gida ta ɗauki kofin ƙalubale na Nijeriya a 2010, amma cikin shekara huɗu ta faɗo daga babban rukuni. Shin akwai mai hankalin da zai ce da Amokachi ya zauna a Kaduna da ya fi masa?

Haka nan marigayi Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi, kuma a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara, masaƙun nan na Kakuri da suka ci da dubban iyayenmu daga kudancin jihar kafin su rufe ɗaya bayan ɗaya. Ya bar Kaduna ya taho Badun kamar yadda muka taho, ya shiga Shooting Stars, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. Ya wuce Abiola Babes ta Abeokuta, ya wuce Africa Sports ta Abidjan, ya wuce Setúbal ta Fotugal. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, a 1994 kuma shi ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Da Yekini ya zauna inda ya fara domin kunyar mutane, da Nijeriya ce ta yi asara, har da Kaduna a ciki.

HAƘƘIN MAI KALLO

Duk da haka, ba daidai ba ne mu yi watsi da ƙorafin mai goyon bayan kulob kamar ba shi da tushe. Shi fa ba ya canza kulob. Mai sayar da shayin da ya rufe teburinsa ya tafi filin wasa da kuɗin cinikin ranar, da ɗan acaɓan da ya sayi riga mai ɗauke da sunan ɗan wasa a bayanta, sun ba da wani abu da ba a rubuta shi a kwantaragi ba. In suka wayi gari suka ga gwaninsu sanye da rigar abokan hamayya yana sumbatar tambarinta, dole ransu ya ɓaci. Kuma gaskiya ne cewa in kowane gwani ya gudu, ƙananan kulob ba za su taɓa girma ba, kofuna su tattaru a hannun 'yan ƙalilan masu kuɗi, gasa ta zama ba daɗin kallo.

Har wa yau akwai wata daraja da sai mai zama ke samunta. Segun Odegbami ya yi zamaninsa a Shooting Stars, Christian Chukwu ya yi nasa a Rangers ta Inugu, Rabi'u Ali da Kanawa ke kira Pele ya shafe fiye da shekara goma a Kano Pillars. Waɗannan mutane garuruwansu ba za su manta da su ba. Amma mu duba da kyau, a wane irin kulob suka zauna? Shooting Stars ta ɗauki kofin Afirka a 1976, Rangers ta ɗauka a 1977, Pillars kuwa ta ɗauki gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Ashe ba a gidan mai sayar da iri suka zauna ba. Sun riƙe amanar kulob ne domin kulob ɗin ma yana neman abin da suke nema. Wanda ya kawo sunayensu domin ya ɗaure yaro a inda ba a biyan albashi, ya ari bakinsu ya ci musu albasa.

Akwai kuma masu zama da gangan alhali sun san kofi zai yi wuya. Alan Shearer, bayan ya ɗauki gasar Firimiya da Blackburn a 1995, ya ƙi tayin Manchester United a 1996 ya koma Newcastle garin haihuwarsa, ya yi shekara goma bai ɗauki kofi ko ɗaya ba, yau ga mutum-mutuminsa a bakin filin wasansu. Wannan abin yabo ne. Amma kyauta ce ya yi, kuma kyauta ba ta zama haraji. Ana gode wa wanda ya bayar, ba a tsine wa wanda bai bayar ba.

Abin da mai kallo ke mantawa shi ne, shi zai yi shekara hamsin yana kallo, ɗan wasa kuwa in ya yi shekara goma sha biyar a fili ya yi tsawon rai. Amokachi ɗin nan, ciwon gwiwa ne ya raba shi da ƙwallo tun bai cika talatin ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin jirgin ƙasa yana da fansho, manomi yana da gonar da za ta bi shi har tsufa, ɗan ƙwallo kuwa jarinsa duka a ƙafa biyu yake, kuma taka ɗaya ta mugunta ta isa ta rufe shagon. Ranar da ya karye, kulob ɗin da ake cewa ya riƙe wa amana ba zai jira ƙashin ya ɗinke ba kafin ya ba wani lambarsa. Kowa ya san a gasarmu ta gida an sha jin 'yan wasa suna bin bashin albashi na watanni, an kuma sha sallamar su a ƙarshen kaka ba ko na mota. Amanar da ɓangare ɗaya kaɗai ake nema ya riƙe, sunanta bauta.

Mu dubi Harry Kane, wanda gardamarsa ta daɗe a gidajen kallo. Ya ci wa Tottenham ƙwallo 280, fiye da kowa a tarihinta, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba. A watan Agusta na 2023, yana da shekara 30, ya koma Bayern Munich wadda ta ɗauki gasar Jamus sau 11 a jere. Sai ga shi a shekararsa ta farko Leverkusen, da ɗanmu Victor Boniface a cikinta, ta ƙwace gasar ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, aka yi ta yi wa Kane dariya. A watan Mayu na 2025 ya ɗauki gasar Jamus, kuma a cikin watan nan Tottenham ta doke Manchester United a Bilbao ta ɗauki kofin Europa, kofinta na farko tun 2008, Son Heung-min da ya zauna shi ya ɗaga. Wanda ya tafi ya samu, wanda ya zauna ya samu. Rabo dai na Allah ne, ba wanda ya san inda zai faɗo. Abin da ke hannun mutum shi ne ya yi shawara da abin da ya gani a lokacin, kuma abin da Kane ya gani shi ne shekara goma sha biyar ba kofi, ga kuma ƙuruciya tana ƙarewa. Ba wanda zai ce bai biya bashinsa ba kafin ya tafi.

TAFIYA DA SHARAƊI

Na ce ya tafi, amma da sharaɗi. Na farko, ya tafi inda zai taka leda, ba inda zai ɗumama benci ba. Kofin da aka ɗauka kana zaune kamar tuwon biki ne, ka ci amma ba naka ba ne. Kafin ɗan wasa ya sa hannu, ya tambayi kansa, mai koyarwa ne ke nemana ko kuwa mai kulob ne ke tara 'yan wasa kamar yadda attajiri ke tara motoci? Mutum nawa ke gabana a wannan lamba? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kofin da ya fi kowanne daraja a ɗakin Moses, a ganina, ba na Chelsea ba ne, na ƙasashen Afirka ne da Nijeriya ta ɗauka a Afirka ta Kudu a watan Fabrairu na 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, domin ƙwallaye biyun da ya ci Habasha su suka fid da mu daga rukuni. Kuma kada mu manta, wanda ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe, Sunday Mba, a gasar gida yake wasa a lokacin. Keshi bai duba sunan kulob ɗinsa ba, ya duba cewa yaron yana wasa kowane mako.

Na biyu, ya duba gindin kulob ɗin, kada rassa su ruɗe shi. Ba duk mai watsa kuɗi ne mai ɗorewa ba. Mutanen Badun da Abeokuta sun tuna Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka tara gwanayen ƙasar nan suka kwashi kofuna, Leventis har ta ɗauki gasar ƙasa a 1986, amma kafin shekarun 1980 su ƙare an rushe su duka biyu, 'yan wasa suka watse neman wurin fakewa. Kulob ɗin da ke tsaye a kan aljihun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, ranar da mai shi ya gaji, ranar ya mutu.

Na uku, ya fita ta ƙofa, kada ya haura katanga. Wannan shi ne haƙƙin mai kallo na gaskiya. Ya yi wasa da zuciya ɗaya har ranarsa ta ƙarshe, kada ya ƙirƙiri ciwon ƙarya, kada ya ƙaurace wa atisaye domin ya tilasta a sake shi, ya bari kulob ɗin da ya raine shi ya sami kuɗin da ya dace, ya yi sallama da mutunci, in kuma ya isa can kada ya juyo yana zagin rijiyar da ya sha. Mu da kanmu mun san bambancin wanda ya bar Kwoi da sallamar iyaye, yana aiko da na taki in damina ta kusa, yana zuwa jana'iza da biki, da wanda ya sulale da dare da bashin mutane a kansa. Dukkansu sun tafi, amma ɗaya ne kawai ake shimfiɗa wa tabarma in ya komo. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars a 2010 bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa, ya ɗauki gasar Rasha sau uku da CSKA ta Mosko, kuma da ya komo Pillars a 2021 da hannu biyu Kanawa suka karɓe shi. Ƙofar da ya fita ta ita ya shigo.

A nan ne maganar ta shigo ɗakunanmu. Da yawa cikinmu muna da ƙane ko ɗan 'yar'uwa a gida wanda ake cewa ƙafarsa tana da kyau, kuma in shawarar tafiya ta taso mu ake bugo wa waya, domin mu ake ganin mun ga duniya, kuma a wurinmu ake sa ran kuɗin. Tun da annobar da ta afka wa citta a kudancin Kaduna a 2023 ta karya jarin gidaje da yawa, zuciyar samari ta ƙara karkata ga fita ko ta halin ƙaƙa. To, mu yi hattara. Yaron da babban kulob na Kano ko Jos ko Aba ko Ikko ya gani ya nema, a rubuce, da albashi sananne, kada mu tsare shi da zancen kishin gari, mu sa masa albarka. Amma in wani mai jaka ne ya zo ya ce a kawo kuɗi masu yawa zai kai yaro gwaji Turai, to wannan ba neman kofi ba ne, sayar da iri ne a cikin gidanmu. Kulob ɗin da ke son ɗan wasa shi ke biya, ba shi ake biya ba. Kada a jinginar da gona saboda takardar da ba a san wanda ya rubuta ta ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu riƙe da kulob-kulob na jihohinmu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, da su daina neman laifin yaran da suka tafi. Ruwa ba ya tsami banza. Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 da 'yan wasan gasar gida, domin a lokacin an riƙe su an kuma nuna musu cewa da gaske ake. Ku biya albashi, ku gyara filaye irin na Kafanchan, ku kafa gasar makarantu daga Kwoi har Kachia, ku adana iri. Ranar da kuka yi haka, ba sai kun roƙi kowa ya zauna ba. Kafin wannan rana kuwa, ɗan wasan da ya ba kulob ɗinsa guminsa, ya ga ba a nufi ko'ina ba, ya yi sallama ya tafi, ɗan'uwanmu ne a ci-rani, kuma bai yi abin da mu ba mu yi ba.

Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema, ya kuma mai da mu gida lafiya.